Alƙali Inoussa da Dabinon Ingall

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na shekarar 1985, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran yayana Inoussa Illiya, tsohon alƙalin Babbar Kotu ta ƙasa, a gidanmu na gado da ke unguwar Katanga a nan Agadez. Ciwon ƙirji ne na ƴan kwanaki, wanda muka ɗauka mura ce. Ya bar matarsa Kadidia da ƴaƴa uku, Abdou da Salamatu da Balki, da ni ƙanwarsa Ramatou, ungozomar gidan haihuwa, wadda ya goya tun ba ta san kanta ba. An yi masa sutura da la'asar. Abdou ya faɗa mini cewa waɗanda suka tsaya sallar gawa ba su cika sahu biyu ba, kuma rabinsu baƙi ne, makiyayan da fari ya koro suka zauna a bayan gari, waɗanda ba su san abin da Agadasawa ke riƙe da shi a kansa ba.

Yaya, da kai nake magana, amma so nake gari ya ji. Shekara tara ke nan ana cewa kai ne ka ci dabinon mutane ka kashe musu ɗa. Ka hana ni buɗe baki, na yi biyayya don kai ne babba. Yanzu sharaɗin da ka gindaya mini ya cika, kai kuma ka tafi da baƙin suna a garin ubanka, to ni zan faɗa. Wanda zai ji zafi ya ji, ni ma na ji nawa.

Ba da son ranmu ka zama ɗan boko ba. Lokacin da Nasara ya ce kowace unguwa ta ba da yara a sa su lakwal, wato makarantar boko, masu hali sun ɓoye nasu, wasu a garake cikin shuke-shuke, wasu a wajen dangi a daji. Babanmu baduku ne mai ɗinkin sirdin raƙumi, ba shi da mai tsaya masa, sai aka zo aka kama hannunka. Innarmu ta yi kuka kamar an fita da gawa. Daga nan ka wuce Damagaram, ka wuce Yamai, har ƙasar waje. Duk hutu kana zuwa da wandon da ya yi maka gajere, ka share ƙasa a tsakar gida ka rubuta mini haruffa da yatsa. Kai ka zauna wa Baba a rumfarsa, kana miƙa masa zare kana magiya, har ya gaji ya ce a kai ni lakwal ya huta da surutunka. Duk jaririn da na karɓa a garin nan, kana da lada a ciki.

Ka yi alƙalanci a Tanout, ka yi a Gure, ka yi a Tawa. A Tanout ne wani mai garke ya ci shari'ar rijiya a gabanka, bayan ka hau raƙumi ka je ka ga rijiyar da idonka. Washegari ya aiko maka da rago, ka sa aka mayar masa da shi. Mutumin ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarka, ya ce an wulaƙanta shi a gaban makwabta. Ranar da aka yi maka canjin wurin aiki, kaya na kan mota, ka taka da ƙafarka har ƙofar gidansa ka ce masa, “Yanzu ba ni da sauran shari'a a garin nan. Ina ragona?” Aka yanka, kuka ci tare, motar ta jira. Kana son mutane, Yaya, kuma kana jin kunyarsu ƙwarai. Amma muddin magana tana gabanka, ko ruwan gidan mai ƙara ba ka sha.

A shekarar 1974, ana tsakiyar babban fari, sojoji suka karɓi mulki. Cikin dalilan da suka ba da har da cewa hatsin taimako ba ya isa ga talakawa. Suka rushe Kotun Ƙoli tare da sauran abin da suka rushe, suka kafa wata da sabon suna, mu dai Babbar Kotu muke ce mata. Yadda ake shiga cikinta ba wani dogon zance ba ne. Ministan shari'a ya kai sunaye, shugaban ƙasa ya sa hannu a takardar naɗi, rediyo ya karanta. Ba a tambayar mutum ko yana so. Mu a labarun yamma muka ji sunanka, a rediyon makwabta. Katanga ta ɗauki guɗa, mata suka cika mana gida, maza suna ta cewa yau Agadez ta samu kunne a Yamai. Kai kuwa da na yi maka barka, sai ka ce mini wanda ya sa mutum da rediyo, da rediyo zai cire shi.

Na ga rantsuwarka da idona, domin jim kaɗan bayan naɗin aka tura ni Yamai ƙarin karatun ungozoma, ina zaune a gidanka. Ka tsaya cikin jar riga mai faɗin hannu, ka ɗaga hannun dama. Ka rantse za ka yi shari'a bisa gaskiya ba tare da karkata ba, ba za ka saurari kowa a gefe kan maganar da ke gaban kotu ba, kuma za ka riƙe sirrin shawarar alƙalai ko bayan ka bar aiki. Ni a lokacin rigar kawai nake kallo, ina cewa ina ma Baba na da rai.

Dole in tsaya in bayyana wani abu, domin a nan ne mutanenmu suka ɓace. Alƙalin da muka sani a Agadez mutum ɗaya ne, yana zaune a zaure, kana ganinsa yana ganinka, hukunci kuma daga bakinsa yake fita. In magana ta yi nauyi, dattawan unguwa sukan riga su je su gaishe shi, su warware masa asalin abin. Ba toshiyar baki ba ce a wajenmu, ladabi ne, wanda bai yi haka ba ma sai a ce ya raina alƙali. Babbar Kotu ba haka take ba. Ba a kawo wanda ake tuhuma, ba a kiran shaidu. Dosiye ne, wato tarin takardun shari'ar, ake miƙa wa alƙali ɗaya ya yi nazari, sa'an nan ya zo ya yi wa abokan zamansa bayani. Su zauna su uku, a rufe ƙofa. Ba su tambayar ko mutum ya aikata, abin da suke dubawa shi ne ko ƙaramar kotu ta bi doka wajen yanke masa hukunci. Abin da ya fito kuma da sunan kotu yake fitowa, ba a cewa wane ya ce kaza.

Lawali ɗan unguwar Amdit ne, shi kaɗai ne ɗan Inna Habsa mai sayar da fura, wadda mijinta ya rasu tun yana goye. Shofer ne, yana jan kamyo, babbar mota mai kai dawar taimako daga Agadez zuwa Ingall. Wata rana a kan hanya ya tarar da zangon makiyaya, dabbobinsu sun ƙare, yara suna kwance ba mai ƙarfin kuka. Ya tsaya ya sauke musu buhuna ba da umurnin kowa ba. Da ya isa Ingall shi da bakinsa ya faɗa. Jandarma suka kama shi. Lokacin kuwa ana neman wanda za a nuna wa duniya da shi kan satar hatsin taimako, manyan ɓarayin sun san inda suke ɓuya, sai ga Lawali a hannu. Aka yanke masa shekara ashirin. Abokan da ya tsaya masa, wato lauya mai kare shi a kotu, ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, dosiyen kuma ya faɗo hannunka. Ba ku haɗa jini ba, ba ku haɗa aure ba, saboda haka doka ba ta hana ka zama a kai ba.

Akwai wani ɗan aike a kotun, mutumin wajenmu ne. Don murna da son alheri ya aiko gida cewa maganar Lawali tana hannun Inoussa. Amdit ta yi abin da ta gada. Alhaji Alhassan maƙerin azurfa, dattijon unguwa, ya tashi da mutum biyu, suka ɗauki Inna Habsa. Ta sayar da tunkiyarta ta ƙarshe ta yi guzuri, ta sa aka samo mata kwandon dabinon Ingall, irin wanda ake kai wa surukai. Babu kwalta a lokacin. A saman kamyo suka hau, ta Tawa, tsohuwa tana riƙe da igiyar kaya, rana na dukanta kwana da kwanaki.

Da hantsi suka iso, kana wurin aiki, ni kuwa ina gidan domin ban gama karatu ba. Mutanen gida sun zo daga wannan nisa, ina za su sauka in ba gidan ɗansu ba? Kadidia ta shimfiɗa tabarmi, ta kawo ruwa, aka ɗora tukunya. Inna Habsa ta kira yara kamar yadda kowace kaka take yi, ta buɗe kwando ta cika musu hannu. Da ka shigo, Balki ta taho da gudu, kumatu cike, tana nuna maka ƙwallayen da ta tara. Na ga fuskarka a wannan lokaci, wallahi ban taɓa ganin ta haka ba, har na zaci ciwo ne ya kama ka. Ka cire takalma, ka durƙusa ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ka gama miƙewa ba, Inna Habsa ta yaye mayafinta ta shimfiɗa shi a ƙafafunka, kanta ba lulluɓi, furfura a waje. Duk wanda aka haifa a garinmu ya san ba a tsallake mayafin tsohuwa. Ka ce, “Inna, don Allah a dakata,” sai Alhaji Alhassan ya ɗaga maka hannu ya ce ka bar ta ta fitar da abin da ke cikinta. Ta faɗi komai, tun daga haihuwar Lawali har ranar da aka sa masa ankwa. Ka saurara har ƙarshe, kanka a ƙasa. Ka ɗauki mayafin ka mayar mata, ka ce Allah ya kawo sauƙi. Suka ɗauka kunya ce ta hana ka yin alkawari a fili. Suka kwana a gidanka, suka koma gida da farin ciki.

Washegarin zuwansu da safe, ka same ni a bakin murhu ka ce mini za ka je wajen shugaban kotu ka faɗa masa abin da ya faru, ka sauka daga shari'ar. Na ce haba Yaya, wa ya gani? Dabino ne fa, yara suka ci! Ka ce, “Auta, ko babu wanda ya gani, ni na rantse. Kuma mai gadin ƙofar nan ba ni na ɗauke shi aiki ba.” Sai na tuna a wane zamani muke, zamanin da ko mai gadi kunnen gwamnati ne. In ka yi shiru ka zauna, aka saki Lawali, maganar ta fito daga baya, za a ce da dabino aka sayi hukuncin, a rushe shi, a ƙara wa yaron laifi, dattawan nan kuma su kwana gidan kaso. Ka je ka faɗa. Ka roƙi shugaban kotu kada a ɗauke su masu ba da toshiya, ka ce mutanen gida ne da ba su san ƙa'ida ba, ya yarda aka bar maganar a tsakaninku. Aka karɓe dosiyen aka ba wani. Alƙalai uku suka zauna a kai, babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa taka yankinmu na Ayar, suka kori ƙarar.

Aka kai Lawali wani gidan kaso can cikin hamada, gaba da Dirkou. A shekara ta biyu wani soja da ya zo hutu ya kawo labarin rasuwarsa. Ba gawa, ba kabarin da uwa za ta sani.

Sau da yawa na tambaye ka, da ka zauna, da an sake shi? Amsarka ɗaya ce, ba ka sani ba. Kakan ce kai ɗaya ne cikin uku, kuma zamanin bai kasance na sakin mai laifin hatsi ba, amma akwai abin da ka gani a dosiyen da za ka faɗa musu. Ko mene ne shi, ba ka taɓa gaya mini ba. Ni ma yau ba zan ce da ka zauna da Lawali na raye ba, Allah kaɗai ya san wannan. Abin da na sani, ba ka cikin ɗakin da aka kori ƙararsa.

Agadez ba ta san haka ba. A wajenta alƙali ɗaya ne, kuma an je an gaishe shi, ya karɓi baƙi, gidansa ya ci dabino. Aka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kai ka ci, ka ɗauki askar ka yanka shi. Aka ce jar riga ta ɗauke maka imani, ka sayar da ɗan talaka don ka faranta wa masu bindiga. Bakunan da suka yi guɗa ranar naɗinka, su ne suka yi wannan.

Ka ci gaba da aiki shekara huɗu bayan haka. A shekarar 1980 rediyo ya sake karanta sunanka, aka ce an kira ka zuwa wani aiki. Aikin bai zo ba har yau. Na san wata shari'a ce ba ka bi inda ake so ba, amma wace ce, ba ka faɗa ba, ni kuma na riga na gaji da tambayarka. Ni da Kadidia muka roƙe ka ka zauna Yamai, ko Tawa, inda ake ganin girmanka. Ka ce gidan ubanka yana Katanga. Kai, taurin kanka, Yaya!

Abin da ka gani a garin nan, ko maƙiyi ba na yi masa fatansa. Ka zo majalisar ƙofar gida, mutane su tuna suna da uzuri, su watse ɗaya ɗaya. A masallaci a bar fili kusa da kai, sai baƙo ya cike shi. Bikin suna, ɗaurin aure, ba a aiko maka da goro. Salamatu ta kai aure, aka kawo kayan tambaya, sa'an nan aka zo aka karɓe su tun dare bai yi ba, uwar yaron ta ce ba za ta haɗa zuri'a da jinin Lawali a tsakani ba. Yarinyar ta yi kwanaki ba ta cin abinci. Ranar na same ka na yi maka faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce kai ka ga za ka iya ɗauka, ita yarinyar nan me ta yi? Kalma ɗaya kawai, ka fita ka ce ba ka zauna a shari'ar ba!

Ka bar ni na gama, sa'an nan ka ce, “In na ce ban zauna ba, za a tambaye ni me ya sa. Me zan ce? Tsohuwar nan abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta san ta hau kamyo ta je har Yamai don ɗanta, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Kina so in je in gaya mata da ta zauna gida da ya fi? Tana tsine mini tana samun barci, Auta. In ta sani, kanta za ta tsine wa.” Ka ce muddin Inna Habsa na numfashi, in na faɗa wa wani, ba ka yafe mini ba. Na fita ina kuka, kuma ban yarda da kai ba. Har yau ina ganin ƴaƴanka sun biya abin da ba su ci ba, kuma na faɗa maka haka kana da rai.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ka bi ta Amdit. Tana zaune a ƙofar gidanta kusa da ƙwaryar fura, ido ya fara tafiya, amma ta san muryarka. Ka durƙusa da farar rigarka cikin ƙasa ka ce, Inna ina wuni. Ta juya fuska ga bango ta ce Allah ya isa. Ka ce a yi haƙuri, Inna, ka tashi ka wuce. Yara suna taruwa kallo. Shekara biyar kana haka. Na taɓa ce maka ka bari mana, kana tayar mata da miki ne kawai. Ka ce in ba ta ga wanda za ta faɗa wa ba, cikinta zai cinye ta.

Bara da fari ya dawo, mutanen daji suka sake cika bayan gari, da bukkokin tsumma da kwali. Kai da kake jin yarensu na Tamashek tun a rumfar Baba, ka zama bakinsu a wurin rabon abinci da wajen likita. Tsohuwar motarka ta koma ta jigilar ruwa har ta mutu, ka koma amalanken jaki, tsohon alƙalin Babbar Kotu yana tafe a gefen jaki da sanda. Wanda ya rasu ba shi da kowa, kai kake wanke shi. In mace ta fara naƙuda a can, kai kake zuwa ka buga mini ƙofa, ka riƙe mini jaka har bakin bukka. Na tabbata a can ka ɗauko ciwon ƙirjin nan. Su ne suka ɗauki makararka.

A farkon watan Fabrairu Inna Habsa ta rasu. Ka je jana'iza. Da ka matsa za ka sa kafaɗa a makara, Alhaji Alhassan ya tare ka a gaban jama'a, ya ce kada ka taɓa ta, abin da ka yi ya isa haka. Ka koma baya ka tsaya, har aka gama. Da ka dawo na tare ka tun a zaure, na ce to, Allah ya ji ƙanta, yanzu babu sauran dalili, gobe ka tara dattawa ka faɗa. Ka ce za ka faɗa, kuma a karon farko na ji a muryarka kai ma ka gaji. Amma ka ce ba a tayar da irin wannan magana ana zaman makoki, a bari a yi sadakar arba'in tukuna. Na ce Yaya, ka jira shekara tara, ya isa. Ka yi murmushi ka ce to ai sauran kaɗan ne.

Ba ka kai ba. Sadakar arba'in ɗinta ta faɗo cikin kwanakin makokinka. Muna zaune muna jin takun mutane suna wucewa ta ƙofarmu zuwa Amdit, wasu su yi sauri, wasu su kau da kai. Tabarmin da Abdou ya shimfiɗa wa maza a waje, iska ce ke ta naɗe su.

Bayan an shafa fatihar arba'in ɗin, na yafa mayafina na tafi. Na sa aka kira mini Alhaji Alhassan zaure, domin cikin waɗanda suka yi tafiyar Yamai shi kaɗai ya rage, kuma ban ga ya dace ya ji a bakin duniya ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa komai kamar yadda na rubuta a nan. Da farko ya ce ƙarya nake, son ɗan'uwa ne. Na ce shugaban kotun yana nan da rai a Yamai, a aika a tambaye shi wa ya zauna a shari'ar Lawali, wannan ba sirri ba ne, ba wanda ya taɓa tambaya ne kawai. Ya nemi bango ya jingina. Can ya ce, “Hajiya Ramatou, wato da ba mu je ba?” Na ba shi amsarka, na ce Allah ya sani. Ya ce shi ne ya ce a tafi, shi ne ya ce a nemo dabino, shi ne ya hana ka dakatar da ita. Na ce masa babu wanda ya yi da mugun nufi, kai ma ba ka taɓa ganin laifinsu ba. Bai ji ni ba. Tsoho mai shekara tamanin ya kama gemunsa yana kuka, yana tambayata yanzu wa zai je ya roƙa gafara. Na baro shi a wurin.

A nan na gane abin da ka tsare Inna Habsa daga gare shi. Ban yi nadamar faɗa ba, domin Abdou da Salamatu da Balki za su rayu a garin nan da sunanka. Amma na ga abin da maganar take yi wa mutum, kuma na ga kai ka san haka tun ranar da ka mayar mata da mayafinta.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki Kadidia, ke da kika san komai kika haɗiye, kika je kasuwa ana nuna ki da baki. Allah ya ba ki ladan haƙuri. Abdou, Salamatu, Balki, ku ɗaga kanku, ubanku bai ci amanar kowa ba. Ina yi wa dangin Illiya na Katanga da na Tawa ta'aziyya, da abokan aikinsa na Yamai, da mutanen bayan gari da suka rufe shi ba su san ko wane ne ba, Allah ya mayar da ku gidajenku, ya saukar mana da ruwa. Mutanen Amdit, ban zo da gaba ba. Ƙofarmu a buɗe take ga mai son yin gaisuwa, ko da ta makara.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Inoussa ɗan Illiya. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa wulaƙancin da ya sha ya zama kaffara a gare shi. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, kai ne Alƙalin da ba ya bukatar a zo a yi masa bayani. Ka ji ƙan Lawali a inda yake kwance cikin rairayi, ka saka masa da hatsin da ya sauke. Ka sanyaya zuciyar Alhaji Alhassan. Ka ji ƙan Inna Habsa, kada ka kama ta da Allah ya isan da ta yi, ba ta sani ba, shi kuma ya yafe tun kafin ta furta. In kuma za ta sani, ya Rabbi, ka bari sai ta shiga Aljanna ɗanta na gefenta, inda sanin ba zai yi mata ciwo ba. Amin.